Darasi: Ire-iren Tishu Huɗu a Jikin Dabba da Aikin Kowanne

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙafar rago ana fiɗa ranar Babbar Salla ya riga ya ga rabin abin da za mu karanta a wannan darasi. Wuƙa takan fara da fata. Ƙarƙashin fatar akwai wani farin tantani wanda mai fiɗa yake cusa hannu yana rabawa ba tare da ya yanka ba. Sai kitse, sai jan nama, sai farar agara da ta ɗaure naman da ƙashi, sai ƙashin kansa da ɓargo a ciki. In an fasa ciki, ga tumbi, ga hanji, ga hanta, ga huhu. In an sara ƙashin baya, ga laka fara sol, mai laushi, kwance a raminta. Ido yana ganin abubuwa barkatai, kowanne da launinsa da taurinsa. Amma idan aka yanko ɗan siririn yanki daga kowannensu aka sa a madubin likita, sai a tarar duk wannan tarin kaya iri huɗu ne kawai. Da su aka gina rago, da su aka gina kaza da kifi da raƙumi, da su kuma aka gina jikin ɗan Adam.

Mene ne tishu?

Jikin kowace dabba tarin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin nan ba a warwatse suke ba. Masu kama da juna sukan taru wuri ɗaya su yi aiki iri ɗaya. Wannan taro shi masana suke kira tishu. Idan tishu iri biyu ko fiye suka haɗu suka yi wani sashe mai siffa da aiki na musamman, an sami gaɓa ke nan, irin su zuciya, ƙoda, hanta ko ido.

Wanda ya fara tsayawa ya rarrabe su da gaske wani likitan Faransa ne, Xavier Bichat, wanda ya yi aiki a birnin Paris, ya kuma rasu a shekarar 1802 yana da shekara 30 kacal. Bai yi amfani da madubin likita ba. Da wuƙa ya yi aikinsa, yana yanka, yana jiƙawa, yana tafasawa, yana busarwa, yana duban yadda kowane yanki yake canzawa. Ya ƙirga iri 21. Abin da ya fi daraja a aikinsa shi ne ya gane cewa cuta ba kullum take cin gaɓa gaba ɗaya ba. Takan kama tishu guda a cikin gaɓar, ta bar sauran. A 1839 kuma Theodor Schwann na ƙasar Jamus ya nuna cewa duk tishun dabba daga ƙwayoyin halitta yake. Da madubi ya ƙara kyau, sai aka ga yawancin ire-iren da Bichat ya lissafa 'yan gida ɗaya ne, aka tattara su zuwa huɗu: tishun lulluɓi, tishun haɗi, tishun tsoka da tishun jijiyar saƙo.

A kan kowanne za mu nemi sanin abu uku: yadda aka tsara shi, aikin da yake yi, da kuma ko yana warkewa idan ya lalace. Na ukun nan shi ya fi shafar rayuwarmu.

Tishun lulluɓi

A littattafan asibiti ana kiran sa efitiliyam. Shi ne yake rufe jiki daga waje, ya kuma shimfiɗu a cikin duk wani rami ko bututu na jiki: baki, maƙogwaro, ciki, hanji, mafitsara, mahaifa, hanyoyin iska. Ba abin da zai shiga jiki ko ya fita sai ya ratsa ta cikinsa. Ƙwayoyinsa a manne suke da juna gam, babu fili a tsakaninsu, kuma babu hanyar jini ko ɗaya a cikinsa. Abincinsa yana tsatso masa ne daga tishun da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa mutum zai ƙuje sama-sama, fata ta ɗaye ta yi fari, amma jini bai fito ba. Sai rauni ya zarce lulluɓin sannan a ga jini.

Kaurinsa yana bin aikinsa. A saman fata, inda ake gogayya da rana da ƙura da ƙaya, hawa-hawa ne masu yawa. Ƙwayoyin ƙasa suna haihuwa, suna turo na sama, na saman kuma suna cika da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, su mutu, su zube. A jikin mutum, cikin kamar wata guda saman fata ya sabunta. Gashi, farce, kofato, kuben ƙaho da gashin tsuntsu duk daga wannan tishu suke fitowa, duk keratin ne. Don haka aski da yankan farce ba sa zafi.

A cikin huhu kuwa lulluɓin falle ɗaya ne tak, na ƙwayoyi masu faɗi da siranta. A wasu wurare tsakanin iskar da aka shaƙa da jini bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Da ya fi haka kauri, da iskar oksijin ba ta ratsa da saurin da jiki yake bukata ba. A bututun iska da ke gangarawa huhu, ƙwayoyin suna da wasu 'yan gasu ƙanana masu kaɗawa ba dare ba rana, suna turo majina da ƙurar da ta maƙale mata zuwa sama. Hayaƙi yana raunana waɗannan gasu, na taba ne ko na itacen girki. Uwar da take wuni a rufaffen madafi da goyo a bayanta, ita da jaririn suna shaƙar abin da yake kashe musu wannan kariya. Taga ɗaya a madafi ba ƙaramin abu ba ce.

Lulluɓin hanji ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa. Shi ma falle ɗaya ne, amma na ƙwayoyi dogaye, kuma ya yi tsiro-tsiro domin ya ƙara faɗin wurin tsotsar abinci. Yana shan wahala sosai, saboda haka ba ya cika mako bai sabunta ba. Cutar kwalara, wadda muke kira amai da gudawa, a nan take ɓarnarta. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini. Guba take fitarwa wadda take tilasta wa ƙwayoyin lulluɓi su yi ta zubo ruwa da gishiri cikin hanji, har mutum ya bushe cikin sa'o'i. Amma akwai wata ƙofa a jikin waɗannan ƙwayoyi da gubar ba ta rufewa: wadda take shigar da sukari tare da gishiri, ruwa kuma ya bi su. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari da ake bai wa mai gudawa. Ba camfi ba ne, ba kuma maganin talaka ba ne don an rasa na kirki. Sanin halin tishu guda ne ya ceci rayukan yara masu ɗimbin yawa.

Wani reshe na wannan tishu yakan nutse cikin jiki ya koma masana'antar ruwa iri-iri. Miyau, gumi, hawaye, ruwan da ke narka abinci, duk ƙwayoyin lulluɓi ne suke yin su. Nonon da ake tatsa daga hantsar saniya ma haka: ƙwayoyin suna ɗebo abin da suke bukata daga jini su mai da shi madara.

Wajen warkewa babu kamarsa. Sai dai yawan haihuwar ƙwayoyinsa yana da haɗari, domin inda ake yawan haihuwa nan kuskure ya fi aukuwa. Mafi yawan ciwon daji, irin na mama, na bakin mahaifa, na hanji da na huhu, daga tishun lulluɓi yake farawa.

Tishun haɗi

Wannan shi ne babban gida, kuma shi ya fi rikita ɗalibai, domin 'ya'yansa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ƙashi yana ciki, guringuntsi yana ciki, agara, kitse, har da jini. Me ya haɗa abu mai tauri irin ƙashi da abu mai gudu irin jini? Tsarinsu ne. A tishun lulluɓi ƙwayoyi a cunkushe suke. A nan kuwa ƙwayoyin a warwatse suke, kuma abin da ya cika tsakaninsu ya fi su yawa. Wannan abin da ke tsakani shi yake ba kowanne halinsa. In ya daskare da ma'adini, ƙashi ne. In zaruruwa ne a jere, agara ce. In ruwa ne, jini ne.

Zaren da ya fi yawa a ciki sunansa kolajin. Fari ne, ba ya miƙewa, kuma yana da wuyar tsinkewa. Babu wani furotin da ya kai shi yawa a jikin dabba mai shayarwa. Mun daɗe muna cin moriyarsa. Majemi idan ya jiƙa fata da toka ya kankare gashi, lulluɓin sama yake cirewa. Ya juya ya kankare nama da kitsen ciki. Abin da ya rage a hannunsa shi ne tsakiyar fata, saƙar kolajin zalla, wadda yake jemewa da bagaruwa don kada ta ruɓe. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, ta yi suna ne saboda laushi da ƙarfin wannan saƙa. Fatake sun yi ta ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Mai girki ma ta san kolajin. Ƙafar sa ko ganda ba ta nuna da wuri, sai an daɗe ana dafawa, kuma idan romon ya huce sai ya daskare. Zafi da ruwa ne suka warware zaruruwan suka narke cikin romo.

Farin tantanin da mai fiɗa yake rabawa da hannu shi ne nau'i mafi sako-sako. Yana ƙarƙashin fata, yana kewaye da tsoka da hanyoyin jini, yana riƙe kowane abu a wurinsa amma yana barin sa ya motsa. Idan aka ce ƙafa ta kumbura da ruwa, yawanci a nan ruwan yake taruwa. Agara tana ɗaure tsoka da ƙashi. Akwai kuma 'yar'uwarta mai ɗaure ƙashi da ƙashi a mahaɗa, wadda ita ce take yagewa idan an yi targaɗe. Dukansu jini kaɗan ne yake isa gare su, saboda haka targaɗe mai tsanani yakan daɗe bai saki mutum ba. A wuyan sa kuma akwai wata igiya rawaya mai tauri wadda ko an dafa ba ta taunuwa. Ita zarenta daban ne, mai miƙewa ya dawo, kuma ita take taimaka wa sa ya ɗauki nauyin kansa ba tare da tsokar wuya ta gaji ba.

Guringuntsi yana kunne, da hanci, da zobban maƙogwaro, da kan ƙasusuwa inda suke gogar juna. Ba shi da hanyar jini sam. Idan ya cinye, kamar yadda yake faruwa a gwiwar tsofaffi, da wuya ya dawo.

Ƙashi kuwa, duk da taurinsa, rayayye ne, cike da hanyoyin jini da ƙwayoyi masu rushe tsoho suna gina sabo. Abu biyu ne a cikinsa: zaren kolajin da ma'adinan kalsiyam da fosfaras. Magini yakan cuɗa ƙasa da ciyawa kafin ya yi gini, domin ƙasa ita kaɗai tsagewa take yi, ciyawa ita kaɗai kuma ba ta tsayawa. Haka ƙashi yake. In aka ƙona shi, kolajin ya tafi, sai ya riƙa farfashewa a hannu. In aka jiƙa ƙashin kaza a ruwan khal na kwanaki, ma'adinin ya narke, sai ya lanƙwashe bai karye ba. Babban mutum yana da ƙashi 206. Saboda yawan jininsa, ƙashi yana warkewa da sabon ƙashi na gaske. Mai ɗori da likita ba su suke haɗa karaya ba. Nasu shi ne su daidaita ƙashin, su hana shi motsi, jiki ya yi sauran. A nan akwai gargaɗi da ya wajaba a faɗa: ɗaurin da ya yi tsanani yana toshe jini, tsoka ta mutu cikin sa'o'i kaɗan. Yatsun da suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji bayan ɗori, alama ce ta a sassauta a tafi asibiti nan take. An yanke hannayen yara da yawa a kan karayar da ba ta kai ta kawo ba.

Kitse rumbun abinci ne, yana kuma tare sanyi, yana yi wa ƙoda da ido matashi. Tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba, kuma idan raƙumi ya daɗe cikin yunwa tozon yakan saki ya kwanta gefe.

Sai jini. Babban mutum yana da kimanin lita 5, kuma fiye da rabinsa ruwa ne mai launin rawaya-rawaya wanda ƙwayoyi suke yawo a ciki. Jajaye suna ɗaukar oksijin, farare suna yaƙi da cuta, wasu 'yan ɓarɓashi kuma suna daskarar da jini a bakin rauni. Ana yin su a jan ɓargo, wanda a jikin babba ya fi yawa a ƙashin ƙugu, haƙarƙari, ƙirji da ƙashin baya. Ɓargon da ake tsotsa a ƙashin ƙafar sa yawancinsa kitse ne. Jar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, kuma ɓargo yana fitar da sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. A jikin mai ciwon sikila, ƙwayoyin sukan lanƙwashe su yi siffar lauje, su maƙale a ƙananan hanyoyi, su kuma mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon gaɓoɓi da ƙarancin jini suke zuwa.

Tishun haɗi shi ne kuma mai facin jiki. Duk inda rauni ya yi zurfi, shi yake cike gurbin da kolajin. Tabo ke nan. Yana toshe rami, amma ba ya yin aikin abin da ya maye: tabon fata ba ya gumi, ba ya tsirar da gashi. Jiki ba ya iya saƙa kolajin mai ƙarfi sai da bitamin C da isasshen furotin, don haka mai rauni ko mai jego yana bukatar lemo, gwaiba, tumatir, zogale, wake da ƙwai, ba kunu kaɗai ba.

Tishun tsoka

Ƙwayoyin tsoka dogaye ne, kuma aikinsu ɗaya: su tsuke su gajarce. A cikinsu akwai zaruruwa iri biyu, aktin da mayosin, masu jan juna idan umarni ya zo. Tsoka ja kawai take yi, ba ta turawa. Shi ya sa take zuwa bibbiyu: ta gaban dantse tana lanƙwasa hannu, ta baya tana miƙar da shi.

Iri uku ce. Ta farko ita ce wadda take manne da ƙashi, wadda muke motsawa da nufinmu. Ita ce jan naman da ake yin kilishi da tsire da shi. A jikin mutum akwai irinta sama da 600. Ita ce kuma take samar da kaso mai yawa na ɗumin jiki, kuma rawar ɗari ba komai ba ce illa tsoka tana aiki don ta ɗumama mu. Ku lura da bambancin ƙirjin kaza da cinyarta. Ƙirjin fari ne, cinyar ta fi duhu. Kaza wuni take tana tafiya da tono, tashi kuwa sai ta firgita, shi ma na ɗan lokaci. Tsokar da take aiki mai tsawo tana da yawan hanyoyin jini da wani jan sinadari mai ajiye oksijin. Ku duba ƙirjin tantabara, wadda take shawagi a sama, za ku gan shi ja wur har ya yi duhu.

Ta biyu ita ce tsoka mai santsi, wadda ba ta jiran umarninmu. Tana bangon ciki da hanji da mafitsara da hanyoyin jini. Ita take tura abinci gaba ko mutum yana barci. Ƙundun kaza tsoka ce irin wannan, mai kauri, tana niƙa hatsi da tsakuwar da kaza ta haɗiya. Mahaifa ma ita ce, kuma naƙuda tsukewarta ce. Bayan haihuwa, tsukewar mahaifa ce take matse hanyoyin jinin da suka buɗe inda mabiyiya ta rabu. Idan ta kasa tsukewa, jini ya ɓalle. Wannan yana cikin manyan abubuwan da suke kashe mata wajen haihuwa, kuma allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu a asibiti don ta sa wannan tsoka ta tsuke ce.

Ta uku a zuciya kaɗai take. Ƙwayoyinta masu rassa ne, a sarƙe da juna, ta yadda saƙo yake ratsa su gaba ɗaya su buga tare. Ita take tayar da bugunta da kanta. A jikin babban mutum da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. Amma idan wani sashenta ya mutu saboda toshewar jini, tabo ne yake maye gurbinsa, tabo kuwa ba ya bugawa.

Tishun jijiyar saƙo

Abu uku muke kira jijiya, kuma dole a raba su a nan. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce. Akwai agara, wadda muka gani a tishun haɗi. Akwai kuma jijiyar saƙo, farar igiya mai laushi, wadda ita ce maganarmu yanzu. Ƙwaƙwalwa da laka da duk igiyoyin da suka fito daga cikinsu da wannan tishu aka yi su.

Ƙwayarsa ana kiran ta niyuron. Tana da jiki, da gajerun rassa masu karɓar saƙo, da dogon reshe guda mai kai shi gaba. A jikin mutum, reshen ƙwaya ɗaya yana iya tashi daga ƙasan laka ya kai babban yatsan ƙafa, kusan mita guda. Saƙon ɗan ƙaramin lantarki ne, kuma a rassan da aka naɗe da wani kube mai maiƙo yana iya gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa. Inda ƙwaya ta ƙare, ba ta manne da ta gaba ba. Akwai ɗan tsaiko, sai ta fesa wani sinadari ya ƙetara. Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen ne ya nuna cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, ya kuma sami kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi na Italiya, wanda rininsa ne ya sa aka iya ganin ƙwayoyin. Ƙwaƙwalwar mutum tana da niyuron kimanin biliyan 86, ga kuma wasu ƙwayoyi masu yi musu hidima, suna ciyar da su suna kare su.

Idan ka taka garwashi, ƙafarka ta ɗaga kafin ka san abin da ya faru. Saƙon laka ya je, laka ta mayar da umarni ga tsoka, sannan labari ya isa ƙwaƙwalwa.

Wannan tishu shi ne mafi rauni wajen warkewa. Jijiyar hannu ko ƙafa da ta yanke tana iya sake tsirowa a hankali, kamar milimita guda a kwana. Amma ƙwayar da ta mutu a laka ko ƙwaƙwalwa yawanci ta tafi ke nan. Cututtuka uku da muka sani za su nuna mana nauyin wannan magana.

Shan inna ba ƙafa take ci ba. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, a wasu yaran ta kai ga laka ta kashe ƙwayoyin da suke bai wa tsoka umarni. Tsokar lafiyarta lau, amma da ta daina samun saƙo sai ta shanye ta ƙanƙance. Kusan yaro ɗaya cikin 200 da suka kamu yakan nakasa har abada. Ba tausa, ba allura, ba rubutu da zai dawo da ƙwayar da ta mutu, shi ya sa rigakafi ne kaɗai mafita. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, bayan an ga ta ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a 2016. Ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin domin har yanzu tana nan a Pakistan da Afganistan, kuma wani nau'inta yana ɓulla a inda yara ba su sami cikakken rigakafi ba.

Kuturta ma jijiyar saƙo take ci, ta fata da hannu da ƙafa. Hausawa sun ce jiki magayi, to ita wannan magayin take kashewa. Mutum ya ƙone bai ji ba, ƙaya ta soke shi bai sani ba, rauni ya ruɓe, a hankali yatsu su lalace. Gerhard Hansen na ƙasar Norway ya gano ƙwayar cutar a 1873. Yau ana warkar da ita da magani na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da shi ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa da ba ya jin taɓi, ya je a duba tun jijiya ba ta mutu ba. Kunya da ɓoyo ne suke kai mutane ga nakasa.

Cizon mahaukacin kare shi ne na uku. Ƙwayar cutar tana bin jijiyar saƙo a hankali daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma wannan jinkiri shi ne damar da ake da ita. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a nemi allurar rigakafi a ranar. Da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tsira.

A ƙara da wannan: babbar jijiyar ƙafa ta cikin ɗuwawu take bi. Allurar da wanda bai ƙware ba ya soka a inda bai dace ba tana iya taɓa ta, ƙafar yaro ta saki.

Huɗun a wuri ɗaya

Ɗauki ɗan guntun hanji. Can ciki lulluɓi ne mai tsotsar abinci. Bayansa tishun haɗi ne ɗauke da hanyoyin jinin da za su kwashe abincin. Sai tsoka mai santsi hawa biyu, ɗaya a kewaye, ɗaya a tsaye. A tsakanin hawa biyun kuma jijiyoyin saƙo ne suke tsara lokacin da kowanne zai tsuke. Fata, zuciya, mafitsara, harshe, duk haka suke, sai dai yawan kowane tishu ya bambanta.

Aikin aji

Ku rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zo da ɗanyar ƙafar kaza tare da cinyarta, da wuƙa ko sabuwar reza. Ku ɗaye fata a hankali, ku nemo farin tantanin da ke ƙarƙashinta da kitse mai launin rawaya. Ku raba tsokoki, ku bi ɗaya har inda ta koma farar agara, ku ja agarar ku ga yatsun da za su motsa. Ku buɗe mahaɗar gwiwa ku shafa guringuntsi, sannan ku fasa ƙashi ku duba ɓargo. A tsakanin tsokokin cinya, kusa da ƙashi, ku nemo farar igiya siririya mai laushi wadda ba ta da taurin agara: jijiyar saƙo ce. Ku wanke hannu da wuƙa da sabulu in kun gama.

Bayan haka ku tattauna waɗannan, kowa ya rubuta amsarsa:

1. Me ya sa ciwon cikin baki yake warkewa cikin 'yan kwanaki, amma ciwon gwiwar tsoho yake daɗewa?
2. Wane dalili ya sa aka sa jini da ƙashi a gida ɗaya?
3. Wane sashe na fata ne yake zama takalmi ko jaka bayan jima, kuma wanne ake zubarwa?
4. Wata maƙwabciya ta ce ba za a ɗiga wa ɗanta maganin shan inna ba, in ya kamu a kai shi asibiti a yi masa magani. Da abin da ka koya game da laka da tsoka, me za ka gaya mata?